A ƙwanƙwasa kwantena a ji muryar abin da ke ciki: fashin baƙi kan binciken kaya da niyutiron

Kawuna ya shafe fiye da shekara ashirin yana jan tirela tsakanin Apapa da Kano. Wata ranar Lahadi muna zaune da shi a teburin mai shayi a Agege bayan sallar isha'i, sai hira ta kai mu ga yadda ake sauke kaya ƙasa don bincike: a ɓalle hatimin kwantena, leburori su riƙa fito da katan-katan ɗaya bayan ɗaya, a duba, a mayar. Ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Kai da ka karanta kimiyya a Zariya, yanzu duk ilimin duniyar nan babu na'urar da za ta faɗi abin da ke cikin akwatin nan ba tare da an buɗe ba?" Na ce, "Kawu, ai akwai sikana." Ya girgiza kai. "Sikana inuwa take nunawa, ɗana. Na sha leƙa allon. Buhun sukari da buhun taki duk kamarsu ɗaya."

Gaskiya ya faɗa. Tun daren nan nake son in zauna in warware amsar da ban iya ba shi cikakkiya ba. Akwai irin na'urar da yake nema, kuma an daɗe da ƙirƙiro ta. Sai dai tana da iyaka, kuma wanda ya san iyakar shi ne zai san inda ya dace a kashe kuɗi a kanta.

Sikanar da Kawu ya sani 'yar'uwar hoton ƙashi na asibiti ce. Hasken eksire yana ratsa kaya, abin da ya yi kauri ko nauyi ya tare shi da yawa, sai ya fito da duhu a allo. Manyan sikanonin tashoshin jiragen ruwa suna iya ratsa ƙarfen da kaurinsa ya kai santimita 30. Idan abin da ake nema yana da siffa, aikinsu na kyau. A watan Oktoban 2010 an kama kwantena 13 a Apapa waɗanda takardunsu suka ce kayan gini ne, ashe rokoki da gurneti da harsasai ne a ɓoye. Irin wannan kaya siffarsa kaɗai ta isa ta tona shi. Amma gari da ruwa da ƙwayoyin magani ba su da siffar kansu, ta mazubinsu suke ɗauka. Tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret da ya fashe a tashar jiragen ruwan Beirut ranar 4 ga Agustan 2020, ya hallaka mutum fiye da 200, a buhuna yake, kuma a hoton eksire da wuya a raba shi da buhun gishiri.

Duk wanda ya taɓa raka uwarsa sayen tulu ya ga yadda take yi. Ba ta tsayawa ga kallo. Takan ɗaga shi ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa ta kasa kunne, ƙarar ce za ta gaya mata ko ya gasu, ko akwai tsagar da ido bai gani ba. Maƙeri ma haka yake raba tagulla da baƙin ƙarfe. Dabarar da muke magana a kai ita ce wannan ƙwanƙwasawa, amma an kai ta can cikin ƙwayar zarra. Yatsan da ake bugu da shi sunansa niyutiron, ƙarar da ke fitowa kuma wani haske ne da ido ba ya gani, mai suna gamma.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, inda kusan duk nauyinta yake, ga kuma ilektiron suna kewaye da ita daga nesa. In da za a hura ƙwayar zarra ta kai girman babban filin wasa na Surulere, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar dawa a tsakiyar fili ba. Eksire da ilektiron na waje yake hulɗa, shi ya sa abin da yake iya faɗa ya tsaya ga yawansu. Alhali shaidar ko wane sinadari ne wannan tana cikin cibiya, a yawan wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ake kira furoton: mai furoton 6 kabon ne, mai 7 naitirojin, mai 8 oksijin, mai 26 ƙarfe. Matsalar ita ce isa wurin. Duk abin da ke ɗauke da cajin lantarki, kafin ya yi nisa cikin abu ilektiron sun sha ƙarfinsa, cibiyar ma ta ture shi. Niyutiron shi ma ƙaramar ƙwaya ce kamar furoton, amma ba shi da caji ko kaɗan. James Chadwick ne ya gano shi a Cambridge ta Ingila a 1932, kuma rashin cajin nan ne ya sa ya daɗe yana ɓoye wa masana. Yana wucewa ta bangon kwantena, wanda kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, kamar iska ta zana, ya yi ta tafiya cikin kaya har sai ya yi karo da wata cibiya kai-tsaye. Shekara huɗu bayan gano shi, a 1936, George de Hevesy da Hilde Levi a Copenhagen suka nuna cewa idan an yi wa abu ruwan niyutiron, hasken da yake fitarwa daga baya yana bayyana sinadaran da ke cikinsa. Daga nan wannan fanni ya samo asali.

Me ya sa sai mai gudu?

Niyutiron iri-iri ne gwargwadon ƙarfinsa, kuma ana auna ƙarfin da wani ma'auni da ake rubutawa MeV, wato ilektiron-bolt miliyan ɗaya. Wanda ya gaji ya lafa yana tafiyar mita 2,200 a daƙiƙa. Wanda ake kira mai gudu, mai ƙarfin MeV 14, yana cin kilomita sama da 50,000 a daƙiƙa ɗaya. Hanyar Legas zuwa Kano da Kawu ke kwana biyu a kai, shi zai yi ta sau hamsin cikin daƙiƙa ɗaya.

Ana samun sa ne daga wani bututu rufaffe wanda tsawonsa sau da yawa bai wuce hannun mutum ba. A ciki akwai nau'o'in haidirojin biyu masu nauyi, dutiriyam da tiritiyam. Ana amfani da wutar lantarki ta kimanin bolt 100,000 a harba na farko ya bugi na biyu, sai su haɗe su zama hiliyam, niyutiron guda ya fice da ƙarfin MeV 14.1. Ƙaramin bututu na iya fitar da niyutiron miliyan ɗari a daƙiƙa. Abin da ya fi burge ni game da shi maɓalli ne: aka kashe wuta, niyutiron ya daina fita.

Dalilin neman wannan ƙarfi shi ne cibiya ba ta amsa ƙaramin bugu. Tana da matakan ƙarfi ƙayyadaddu kamar matattakalar bene, ba ta tsayawa tsakanin mataki da mataki. Matakin farko na kabon yana kan MeV 4.44. Niyutiron da bai kai wannan ba sai dai ya ture cibiyar gefe ya wuce, ba za ta ce uffan ba. Wanda ya haura, yana bugunta ta ɗauki ainihin abin da matakin ke buƙata ta hau, nan take ta sauko ta amayar da shi a matsayin gamma mai ƙarfin 4.44, ba ƙari ba ragi. Kabon ɗin da ke cikin gawayi, da na cikin shinkafa, da na jikin mutum, duk da murya ɗaya suke amsawa. Oksijin yana amsawa da 6.13. Naitirojin yana da muryoyi da dama, ciki har da 2.31 da 5.11. Silikon na cikin yashi da tayil 1.78, ƙarfe 0.85, dalma 2.61. Akwai wani bututun da ke haɗa dutiriyam da ɗan'uwansa dutiriyam, ya fi sauƙin mallaka, amma niyutiron ɗinsa MeV 2.45 ne kacal, ba zai iya sa kabon ko oksijin su yi magana ba. Su kuwa waɗannan biyun, tare da naitirojin da haidirojin, su ne tubalin kusan duk abinci da tufa da magani da abin fashewa.

Haidirojin shi kaɗai ba ya amsa bugu, domin cibiyarsa furoton guda ce, ba ta da matattakala. Aikinsa daban ne. Nauyinsa kusan ɗaya da na niyutiron, don haka karonsu kamar na ƙwallayen sanuka biyu ne: mai gudu ya rasa babban kaso na ƙarfinsa a kowane karo. Bayan karo ashirin da wani abu ya zama gajiyayye. A wannan hali wata cibiya takan haɗiye shi ɗungurungum, ita ma ta fitar da gamma nata. Haidirojin da ya haɗiye niyutiron yana fitar da 2.22. Naitirojin yana fitar da 10.83, murya mai tsawon da kusan babu mai kai ta a cikin kayan yau da kullum, shi ya sa na'urorin farko na neman bam a jakunkunan matafiya, waɗanda Amurka ta girka a filayen jirgi bayan fashewar jirgin Pan Am a Lockerbie a Disambar 1988, ita suka riƙa saurare. Sannan akwai amsa ta uku, mai zuwa a makare. Wani lokaci niyutiron kan canza cibiya zuwa wata daban wadda ba ta da kwanciyar hankali, sai ta ɗan jima kafin ta fitar da haske. Oksijin kan koma wani nau'in naitirojin da rabinsa ke bajewa cikin daƙiƙa 7.

Ke nan bugu ɗaya yana jawo amsa uku, kowace da lokacinta: ta take-yanke, ta bayan ɗan ƙanƙanin kaso na daƙiƙa, da ta bayan daƙiƙu ko mintoci. Masu ƙera na'ura sun yi amfani da wannan. Maimakon a bar bututu a kunne, sai a riƙa kunna shi ana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, a tara abin da aka ji lokacin kunnawa a rumbu ɗaya, na lokacin kashewa a wani rumbun. Amfanin wannan a garin bakin teku mai gishiri irin Legas a fili yake. Kulorin na cikin gishiri idan ya haɗiye niyutiron yana fitar da 6.11, gab da 6.13 na oksijin. Farar wuta tana amsa bugu da 2.23, gab da 2.22 na haidirojin. A kunne ɗaya suke, lokaci ne kaɗai ke raba su.

Mu koma ga buhunan Kawu. Kowace ƙwayar sukari tana da kabon 12, haidirojin 22, oksijin 11, babu naitirojin ko ɗaya. Amoniyam naitiret yana da naitirojin 2, haidirojin 4, oksijin 3, babu kabon ko ɗaya. A ƙwanƙwasa na farko, muryar 4.44 za ta tashi sosai, ta naitirojin shiru. A ƙwanƙwasa na biyu, akasin haka. Takin yuriya da manomanmu suka fi sani yana da kabon 1, naitirojin 2, oksijin 1, don haka shi ma ana raba shi da amoniyam naitiret ta ƙarancin oksijin ɗinsa. Abubuwa ukun da suka zama inuwa ɗaya a allon sikana, nan kowanne ya fita daban.

Haka lissafin yake ga sauran kaya. Abin fashewa na soja yana tara naitirojin da oksijin da yawa a wuri ɗaya: TNT na da kabon 7, naitirojin 3, oksijin 6, RDX kuwa kabon 3, naitirojin 6, oksijin 6. Miyagun ƙwayoyi sun karkata ta ɗaya ɓangaren, kabon da yawa oksijin kaɗan. Hodar iblis na da kabon 17 da oksijin 4. Tiramadol, wanda ya cinye mana matasa daga Agege har Maiduguri, kabon 16 ne da oksijin 2, wato kabon takwas-takwas ga kowane oksijin ɗaya. Shinkafa da takarda da auduga kuwa kabon 6 ne a kan oksijin 5. Wanda ya rubuta a takarda cewa katan-katan ɗin littattafai ne, na'ura ta ji kabon ya ninka oksijin sau takwas a wani lungu, to akwai abin tambaya.

Sai dai a nan ne iyakar farko take, kuma ina so a riƙe ta da kyau. Na'urar nan sinadaran asali take ƙirgawa, ba ta san yadda suka sarƙe da juna ba. Farasitamol da ke kowane kemis yana da kabon 8 da oksijin 2, wato huɗu-huɗu, hodar iblis kuma huɗu da kwata. Melamin da ake yin farantai da shi cike yake da naitirojin, haka ulu da fata da wasu robobi suna da nasu kaso. Kama da wane ba wane ba ne. Abin da na'ura za ta iya cewa shi ne, kayan wannan wuri bai dace da abin da takarda ta faɗa ba, ko kuma ya yi kama da dangin kaza. Hukuncin ƙarshe na ɗakin gwaji ne. Duk ɗan kasuwar da ya zo ya ce tasa na'urar tana faɗin sunan magani kai-tsaye daga bayan ƙarfe, a bincike shi da kyau kafin a sa hannu.

Yadda ake jin murya ɗaya a tsakiyar kasuwa

Karanta lambobin nan a takarda yana da sauƙi. Jin su a fili wani abu ne daban. Niyutiron yana fita daga bututu ta kowace fuska, ba ya zaɓe. Yana bugun bangon kwantena, da simintin ƙasa, da iska, da ita kanta na'urar, kowanne yana amsawa. Kamar mutum ne ya tsaya a tsakiyar kasuwar Mile 12 da hantsi, lokacin da ake sauke tumatur da albasa, yana son jin abin da wani dillali guda ke faɗa a can rumfa ta goma.

Kunnen da ake saurare da shi wani dutse ne mai ƙyalli. Gamma yana shiga ya tayar da ɗan walƙiya, girman walƙiyar gwargwadon ƙarfinsa, kwamfuta ta jera su a zane: ƙarfi a kwance, yawa a tsaye, kowane sinadari ya fito kamar tsauni a wurinsa. Wannan zanen shi ne abin da masani ke karantawa. Dutsen sodiyam ayodaid, wanda Robert Hofstadter ya fito da amfaninsa a 1948, yana da araha kuma ana samun manya, amma jinsa da dishi-dishi, tsaunuka masu kusanci sai su haɗe. Jamaniyam tsantsa ya fi kowa kaifin ji, sai dai dole a sanyaya shi zuwa wajen digiri 196 ƙasa da sifili, kuma niyutiron mai gudu yana lalata shi a hankali. Lantanam buromaid na tsakiya ne wajen kaifi, yana da saurin amsawa ƙwarai, ga tsada. Kuma ko da mafi kyawunsu, gamma da yawa ba sa zube duk ƙarfinsu a cikin dutsen, sukan bar rabi su fice, sai gindin tsaunukan ya cika da hazo. Saboda haka a aikace ba tsauni ɗaya ake dubawa ba. Ana ajiye cikakken zanen kowane sinadari tsantsa a kwamfuta, a tambaye ta: kashi nawa na kabon, nawa na oksijin, nawa na ƙarfe za a gauraya a sami wannan zanen da aka auna?

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce wadda ta magance hayaniyar kasuwa. Mun ce duk lokacin da niyutiron ya fita, an haifi cibiyar hiliyam tare da shi. To su biyun baya suke ba juna: in wannan ya yi gabas, wancan yamma zai yi. Sai aka sa wani ƙaramin allo mai gida-gida a cikin bututun don kama hiliyam ɗin. Gidan da ya faɗa ya nuna hanyar da tagwaininsa ya bi, lokacin da ya faɗa kuma ya zama farkon agogo. Niyutiron yana cin santimita 5 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, gamma kuma santimita 30. In aka auna tazarar da ke tsakanin faɗawar hiliyam da isowar gamma, an san nisan da niyutiron ya yi kafin ya yi karo. Ga hanya, ga nisa, an sami wuri. Duk gamma da bai zo a kan lokacin da ake jira ba a watsar da shi. Da haka ake iya cewa na'ura ta saurari wani ɗan lungu a tsakiyar kwantena ta ƙyale sauran. Tarayyar Turai ta gina irin wannan a wani shiri mai suna EURITRACK, aka gwada shi a kan kwantenoni na gaske a tashar Rijeka ta ƙasar Kuroshiya.

Abin lura a gwajin nan shi ne matsayin da aka ba na'urar. Ba ta maye gurbin sikana ba. Kwantena na fara bi ta eksire cikin ɗan lokaci, in an ga wani wuri da bai kwanta a rai ba, sai a nuna wa niyutiron wannan wurin kaɗai, ya saurara na kimanin minti goma. Kaso kaɗan ne na niyutiron ke samun tagwainin da aka kama, shi ya sa ake jira. A tashar da dubban kwantenoni ke fita a rana, ba zai yiwu a bi da kowanne ta nan ba, kuma duk wanda ya san layin tireloli a hanyar Apapa ba zai so a ƙara masa wani layin ba. Akwai kuma iyaka ta biyu: faɗin kwantena ya kusa mita biyu da rabi, in an cika shi maƙil da kaya mai yawan haidirojin kamar shinkafa ko mai ko daskararren kifi, yawancin niyutiron sun gaji kafin su kai tsakiya, gamma da aka samu can ma sai ya sha wuya kafin ya fito. Kayan ƙarfe sun fi sauƙin ratsawa gare shi, akasin eksire. Shi ya sa su biyun suka dace da juna.

Ba a tashar jiragen ruwa kaɗai ake cin moriyar wannan ilimi ba, can ma ya fi ƙaranci. Masu haƙar man fetur sun daɗe suna zura irin wannan bututu cikin rijiya, ta cikin bututun ƙarfe da siminti, su auna kabon a kan oksijin: mai kabon ne ba oksijin, ruwa oksijin ne ba kabon. Masana'antun siminti da na kwal a duniya suna ɗora na'urar niyutiron a kan bel ɗin da ke jan duwatsu, tana faɗa musu yawan kalsiyam da silikon da ƙarfe minti bayan minti. Ɗakin bincike na Idaho a Amurka ya ƙera wata da ake ɗauka a hannu, wadda tun shekarun 1990 ake tantance tsofaffin bama-bamai da ita, a san ko gubar yaƙi ce a ciki ko abin fashewa, ba tare da an huda ba. Mu da muka ga abin da fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ya yi ranar 27 ga Janairun 2002, da ɗaruruwan da suka nutse a magudanar Oke-Afa suna gudun tsira, mun san darajar sanin abin da ke cikin ƙarfe tun yana kwance. Haka durom-durom ɗin sharar guba da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988, waɗanda ma'aikatan da suka kwashe su suka jikkata. Hatta jirgin Dragonfly da hukumar NASA ke shirin aikawa Titan, watan duniyar Zuhal, yana ɗauke da bututun niyutiron da kunnen gamma don ya ƙwanƙwasa ƙasar can.

Lafiyar mutane da tambayar gyara

Niyutiron mai gudu yana cutar da jikin mutum, babu ɓoye-ɓoye a nan. Kuma dalma da ke tare eksire ba ta tare shi sosai. Abin da ke tsayar da shi mai haidirojin ne: ruwa, kankare mai kauri, roba da aka gauraya da boron. Dole a killace wurin, direba ya sauka ya yi nisa, kuma a tabbatar ba mutum a ɓoye cikin kaya, abin da eksire na farko ke taimakawa a kai. Su kayan, ɗan hasken da suke ɗauka ƙanƙane ne kuma ba ya daɗewa: na alminiyam rabinsa na tafiya cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu, na manganis awa biyu da rabi, na sodiyam awa 15.

In aka kwatanta da tsohuwar hanya, bututu mai maɓalli rahama ne. A da, kuma har yau a wurare da yawa, ana samun niyutiron ne daga dunƙulen amerisiyam da beriliyam, wanda ba a kashe shi, kuma rabin ƙarfinsa sai bayan shekara 432 yake raguwa. A ƙarshen 2002 an sace irin waɗannan guda biyu daga masu aikin rijiyoyin mai a yankin Neja Delta, daga baya aka tsince su a Jamus cikin tarkacen ƙarfe. Duk lokacin da na tuna wannan, 'yan'uwanmu 'yan gwangwan nake tunawa, masu tura kura a lungunan Legas suna sayen duk ƙarfen da aka miƙo musu, su fasa da guduma da hannu tsirara. Bututun da aka sace, in ba wuta, ba ya fitar da niyutiron. Akwai tiritiyam a cikinsa, don haka shi ma ba abin fasawa ba ne, kuma shigo da shi sai da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA.

Mutanen da za su riƙe irin wannan aiki muna da tushensu. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya, wadda ta fara aiki a 2004, aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mara ƙarfi a 2018. Babban aikinta shi ne tantance sinadaran ƙasa da ma'adinai da tsirrai da niyutiron. Bambancin kawai, can ana ɗebo ɗan samfur ne a kai wa niyutiron, nan kuwa niyutiron ake kai wa kaya. Wanda ya iya karanta zanen gamma a Samaru zai iya karanta shi a Tin Can ko Lekki bayan ɗan horo. A ganina a nan ya kamata a fara sa kuɗi, tun kafin a yi odar ƙarfe. Bututun yana da adadin awannin da yake yi ya mutu, tiritiyam ɗinsa ma rabi na tafiya duk shekara 12 ko an yi aiki ko ba a yi ba. Duwatsun saurare ba sa shiri da laima, in murfinsu ya tsage a iskar gishirin bakin teku sun tashi aiki. Wutar da ke rawa tana gurɓata awo. Kwangilar da ba ta ƙunshi kuɗin sauya bututu, da tsayayyiyar wuta, da albashin masanin da zai zauna da na'urar ba, bai kamata a sa mata hannu ba.

Da na sake haɗuwa da Kawu na zayyana masa wannan duka gwargwadon iyawata, da tulu da sanuka da kasuwar Mile 12. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko zai zauna a cikin mota lokacin da ake yi. Na ce a'a, sauka zai yi ya koma bayan katanga. Ya ce, "Minti nawa ka ce?" Na ce, "Kamar goma, Kawu, ga wuri ɗaya da ake zargi." Ya yi shiru yana juya cokali a kofi. Can ya ce kwantenar ƙarshe da aka sauke masa ƙasa, leburori takwas ne suka yi ta, daga hantsi har bayan la'asar.